Kamfani ya kore mu, ƙungiyarmu kuma ta juya mana baya: in sa hannu ko in tsaya?

Assalamu alaikum Baba. Don Allah a sakaya sunana da na wurin aikina. Shekarata 14 ina aiki a wani kamfani, ɓangaren loda kaya, kuma tun watan farko ake yankar kuɗin yuniyan a albashina ban taɓa fashi ba. Kwanakin baya manajoji suka soke mana kuɗin obataya suka kuma ƙara mana awa, reshen ƙungiyarmu ya kira mitin, ciyaman da bakinsa ya ce kowa ya ajiye aiki, ya ce duk wanda aka taɓa an taɓa kowa. Muka ajiye aiki kwana biyar. Da aka dawo sai muka tarar an liƙa sunayenmu mu 63 a bakin get, wai an sallame mu saboda yajin aiki ba bisa ƙa'ida ba. Shi ciyaman ɗin da ya kira yajin yana nan daram a bakin aikinsa, har mun ji an ƙara masa matsayi. Shugabannin ƙungiyar na ƙasa suka zo suka shige ofis da manajoji, ko mutum ɗaya cikinmu ba su kira ba, suka fito suka ce an daidaita, za a ba mu kuɗin sallama amma sai kowa ya sa hannu a takarda cewa ba shi da sauran magana da kamfani. Mun ce a nuna mana yarjejeniyar sun ƙi. Da muka matsa sai aka ce mana ai mu yanzu ba membobi ba ne tunda an daina yankar kuɗinmu, har guruf ɗin WhatsApp an cire mu. Yau wata biyu kenan. Mu kanmu mun rabu biyu, wasu sun sa hannu sun karɓa, wasu sun ce mu je mu garƙame sakatariyar ƙungiyar mu kuma zuba sunayensu a Facebook cewa sun ci kuɗi sun sayar da mu. Ni zuciyata tana wajen masu garƙamewa, amma maiɗakina ta ce in karɓi abinda ya samu, ga haya ga kuɗin makarantar yara huɗu. Abinda ya fi ci min rai sakataren reshen aminina ne, rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, yanzu ko wayata ba ya ɗagawa. Wallahi ba na iya barci. In sa hannu ne ko in tsaya? Kuma ya zan yi da mutanen nan?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na rage wa wasiƙarka tsawo, na cire duk abinda zai sa a gane ka. Allah ya yaye maka, ya buɗa maka ƙofar da ta fi wadda aka rufe.

Na lura inda ka fi jin ciwo a labarin nan shi ne wurin cire ku daga guruf da kuma wayar da aminin naka ba ya ɗagawa, sun ma fi maka takardar da aka liƙa a get zafi, kuma na fahimci dalili. Kamfani dama ciniki ne tsakaninku, ka ba shi ƙarfinka ya ba ka albashi, ranar da ya ga dama ya ce ciniki ya ƙare. Amma yuniyan kai ka raine ta shekara 14 da guminka, aka tsaya a gabanku aka ce wanda aka taɓa an taɓa kowa, ka yarda ka ajiye aiki a kan wannan maganar, sannan da aka taɓa ku 63 sai kowa ya kama gabansa. Duk wanda ya ce maka kada ka ji haushi bai yi maka adalci ba. Ka ji haushinka, yana kan hanya. Tsorona ɗaya ne, kada haushin ya cinye muku lokaci, domin a irin wannan rigimar lokaci shi ne abinda ya fi komai tsada kuma shi ne ba a iya dawowa da shi.

Bari in yi maka tambayar da na san ka san amsarta: wa ya sa hannu a takardar korarka? Kamfani ne. Shi ne ke riƙe da albashinka da giratutinka da fayil ɗinka, kuma shi ne kotun ma'aikata za ta iya tilasta wa ya biya ka ko ya mayar da kai. Wata biyun nan da kuka yi kuna zarya a ƙofar sakatariya, su manajoji hankalinsu kwance yake, kun huce haushin kaza a kan dami, su kuwa kwana kawai suke ƙirgawa. Kusan kowace ƙasa ta yanka wa'adin da korarren ma'aikaci zai kai ƙara, kuma wa'adin gajere ne abin tsoro. A Afirka ta Kudu misali kwana 30 kacal ake ba mutum ya kai kukan kora ba bisa haƙƙi ba gaban hukumar sulhu, in ya wuce sai ya roƙi alfarma ya kawo uzuri. A Amurka wanda zai yi ƙarar ƙungiyarsa a kan ta ƙi tsaya masa wata shida yake da shi. Wasu wuraren ya fi haka, amma kusan ko'ina akwai ranar da ƙofa take rufewa, kuma sau da yawa jiran yuniyan ta yi wani abu ba ya tsayar da agogon. Saboda haka cikin satin nan, ba sati mai zuwa ba, ku haɗa kuɗi ku ga lauyan da ya san shari'ar ma'aikata, wanda ba lauyan ƙungiyar ba ne kuma bai taɓa yi wa kamfanin aiki ba, ko ku je ofishin ma'aikatar ƙwadago ko wurin masu ba da taimakon shari'a kyauta, tambaya ta farko da za ku yi ita ce yaushe wa'adinmu zai cika. Ku rubuta ranar ku manna a inda kowa zai gani. In ma za a sasanta daga baya, mai ƙara a gaban kotu ko hukumar sulhu da shi ake zama a yi magana, wanda wa'adinsa ya wuce kuwa sai abinda aka ga dama aka miƙa masa.

Sai takardar da aka ce ku sa wa hannu. Ƙanena wannan takardar ba rasit ba ce, sayarwa ce, kana sayar musu da damarka ta kai ƙara, kuma in ka sa hannu ka karɓi kuɗi da wuya ƙwarai kotu ta sake sauraronka sai in an tabbatar an yaudare ka ko an tilasta ka. Ban ce haramun ne ka sayar ba, wani lokaci ma shi ne wayo, amma mutum ba ya sayar da abinda bai san kuɗinsa ba. Ka nemi kwafi ka fito da shi waje, in sun ce sai dai ka karanta a tsaye a gaban teburinsu ka ɗauki hotonsa da waya shafi shafi, in sun hana wannan ma ka rubuta rana da sunan wanda ya hana. Sannan ku zauna da lauya ku raba kuɗin gida biyu. Akwai wanda dama haƙƙinka ne ko ka sa hannu ko ba ka sa ba, kamar ragowar albashin kwanakin da ka yi aiki, da kuɗin hutun da ba ka tafi ba, da obatayan da ka riga ka yi, da abinda aka yanka na fansho wanda ya kamata a ce ya shiga asusunka, da giratuti in yana cikin sharuɗɗan aikinku. Akwai kuma ƙarin da suka ɗora domin ka yi shiru. Sau da yawa in aka yi wannan lissafin sai a ga ƙarin ɗan mitsitsi ne ko babu shi ma, wato da kuɗinka ake so a sayi bakinka. In haka ne lauya zai iya rubuta musu su saki wanda babu gardama a kansa a bar sauran ga shari'a. In kuwa ƙarin mai kauri ne, to wannan wani zance ne kuma za mu zo kansa. Ka kuma tambaya a rubuce har zuwa yaushe tayin yake, domin yawanci gaggawar da ake sa mutane a baki take, ba ta cikin takarda.

Yanzu ga kalmar da duk rigimar take rataye a kanta, wato ba bisa ƙa'ida ba. Yawancin dokokin ƙwadago sun shimfiɗa matakai kafin a shiga yajin aiki, a sanar da rikici, a gwada sulhu, a ba da notis na wasu kwanaki, wasu ƙasashen sai an kaɗa ƙuri'a, kuma tsarin ƙungiyoyi da yawa ya ce reshe ba ya kiran yaji sai uwar ƙungiya ta amince. To ciyaman ɗinku ya bi waɗannan? Akwai takarda daga sama da ta ce a tafi, ko zafin mitin ne ya kwashe shi? Wannan amsar za ta bayyana maka halin da shugabannin ƙungiyar na ƙasa suka nuna. Akwai wani sanannen misali a Ingila. A watan Satumba na 1995 aka kori ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Libaful kusan 500 saboda sun ƙi tsallake 'yan'uwansu da ke yaji a bakin get su shiga aiki. Ƙungiyarsu, TGWU, wadda Bill Morris yake jagoranta a lokacin, ta taimaka musu da kuɗin rage raɗaɗi amma ta ƙi ɗaukar yajin a matsayin nata a hukumance, domin a dokar ƙasar yajin bai bi ƙa'ida ba kuma tana tsoron kotu ta ƙwace mata dukiya, abinda dama ya taɓa faruwa da ƙungiyar masu haƙar kwal a 1984. Mutanen nan suka ji an yashe su, suka yi ta faɗa da kamfani da shugabanninsu a lokaci guda, ma'aikatan tashoshin ruwa na ƙasashe da dama har Amurka da Ostareliya suka mara musu baya, amma sai a Janairun 1998 aka rufe maganar, da fam 28,000 ga kowane ɗaya cikin waɗanda kamfanin tashar ya ɗauka kai tsaye, ba tare da an mayar da su aikinsu ba. Na kawo maka wannan ne don ka ga cewa shugaban ƙungiya yana iya ja da baya saboda tsoron doka da tsoron abinda zai sami sauran membobin da ke ciki, ba lallai sai an cusa masa ambulan ba. Mai yiwuwa naku sun shiga ofishin nan manajoji suka ce musu ko ku bar 63 ko mu maka ƙungiyar a kotu mu ƙara da wasu, suka zaɓi abinda suke gani ƙaramar asara ce.

Amma fa wannan uzurin iyakarsa ƙofar ofis. Ko da an ce ba su da ƙarfin dawo da ku, me ya hana su zaɓi mutum biyu cikinku su shiga da su? Me ya hana su tara ku su karanta muku abinda suka sa wa hannu da sunanku? Yarjejeniyar da ta yanke makomar mutum 63 a ce mutum 63 ɗin ba za su gan ta ba, wannan ni ban ga ta inda za a kare shi ba, kuma cire ku daga guruf ƙaranta ce da rashin tausayi. Duniyar ƙwadago ta daɗe da sanin cewa wakilci amana ce da ake iya tuhumar mutum a kanta. A Amurka tun 1944 kotun ƙoli ta yanke, a shari'ar wani baƙar fata ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Steele wanda ƙungiya ta ƙulla yarjejeniyar da ta ture shi da irinsa gefe, cewa duk ƙungiyar da ke magana da sunan ma'aikata dole ta wakilce su da adalci. A 1967 kotun ta ƙara fayyace cewa ba dole ba ne ƙungiya ta kai kowane kuka har ƙarshe, amma ba ta da damar yin watsi da mutum haka kawai, ko don wariya, ko da mugun nufi. Dokar Amurka ce, ba ita ke aiki a ko'ina ba, amma ma'aunin yana da kyau ka riƙe shi a ranka: laifinsu ba shi ne sun kasa cin nasara ba, abin bincike shi ne sun yi ƙoƙari da gaskiya kuma a fili ko kuwa.

Kuma ga wata ƙofa a ɓangaren kamfani da ban ji kun taɓa ba. In duk ma'aikata ne suka ajiye aiki, da wane ma'auni aka tsamo 63? Ku zauna ku jera sunayen, kowa da shekarunsa na aiki da ɓangarensa da ko ya yi magana a mitin. In ya fito cewa masu baki aka tsince, ko tsofaffin ma'aikata masu nauyin giratuti, lauyanku zai so ya ga wannan. An ba kowannenku takardar tuhuma? An kira ka ka kare kanka? Yarjejeniya mai lamba 158 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta ce ba a korar ma'aikaci sai da dalili karɓaɓɓe, kuma in a kan halinsa ne sai an ba shi dama ya kare kansa, sannan yana da haƙƙin kai kuka gaban wata hukuma da ba ta da ɓangare. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba, amma dokoki da kotuna da yawa suna tafiya a kan wannan ruhin. Mai lamba 98 ta 1949 kuma, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka amince da ita, ta hana a kori mutum don kawai yana cikin ƙungiya ko yana harkarta. Liƙa sunaye a get ba tare da an saurari kowa ba gurbi ne babba a hujjarsu.

Maganar ciyaman kuwa, ka yi hattara. Rashin korarsa yana iya zama saboda wakilan ma'aikata suna da kariya ta musamman a dokoki da yarjejeniyoyi da yawa, kamfani yana shakkar taɓa su. Ƙarin matsayi a daidai wannan lokacin shi ne ba ya da daɗin ji, ni ma ya tsaya min a rai, amma ka ce min ji kuka yi. Jita-jita ba ta tsayawa a gaban alƙali. Ranar da kuka rubuta a Facebook cewa wane ya ci kuɗi ba ku da shaida, kun ba shi damar ya yi ƙararku a kan ɓata suna, sai a wayi gari ku da aka zalunta ku ne kuke neman beli, labari ya tashi daga korar mutum 63 ya koma zagin ciyaman. Haka garƙame sakatariya. Ranar za ku ji sanyi a ranku, washegari 'yan sanda ne za su zo, shugabannin su sami abinda suke nema na cewa ai ga irin mutanen da ake cewa mu tsaya wa, sauran ma'aikatan da ke tausaya muku a ɓoye su ja jiki. Ban hana ku magana a fili ba, ku yi, ku je wurin 'yan jarida ma in ta kama, amma ku faɗi abinda za ku iya rantsuwa a kansa: an kira yaji ranar kaza, an kore mu ranar kaza, an zauna ba da mu ba, mun nemi yarjejeniya a rubuce an hana mu. Wannan kaɗai ya isa ya hana su barci, kuma ba wanda zai iya kai ku ƙara a kansa.

Zancen wai ku ba membobi ba ne, kada ku karɓe shi daga bakin kowa sai kun gani a rubuce. Kowace ƙungiya mai rajista tana da kundin tsarin mulki, kuma kwafinsa yana ajiye a ofishin gwamnati da ke yi wa ƙungiyoyin ƙwadago rajista in su sun hana ku. Ku nemo shi ku karanta babin zama memba da babin ladabtarwa da babin kiran taron gaggawa da na binciken kuɗi. Ƙungiyoyi da yawa sun rubuta cewa wanda aka kora a kan rikicin aiki yana nan memba har a gama maganarsa, wasu suna da rangwamen kuɗi ga wanda ba ya aiki, wasu suna ba da watanni kafin a ɗauki mutum ya fita. Kuma ko ba komai abin ya faru ne lokacin da kuke cikakkun membobi masu biya. Dabara mai sauƙi, kowannenku ya tura kuɗin wata ta banki zuwa asusun ƙungiyar ya rubuta sunansa da lambarsa ya ajiye shaida, in sun karɓa magana ta ƙare, in sun dawo da shi sai su faɗi sashen da suka dogara da shi.

Daga nan ku daina zuwa a tarwatse kowa da bakinsa. Ku zaɓi mutum huɗu ko biyar masu sanyin kai, a samu mai iya rubutu a cikinsu, su rubuta wasiƙa ɗaya gajeriya babu zagi zuwa ga babban sakatare na ƙasa, kowa ya sa hannu. A nemi kwafin yarjejeniyar, da rubutaccen bayanin mitin ɗin da aka kira yaji, da matsayinku na membobi, da ko akwai asusun tallafin yaji da abinda ya hau kanku a ciki, a kuma nemi zama da ku cikin sati biyu. A kai da hannu a sa su buga hatimin karɓa a kwafinku. In sun yi shiru sai ku hau mataki na gaba kamar yadda kundin ya tsara, majalisar zartarwa, kwamitin ɗa'a ko amintattu, sannan babbar tarayyar ƙwadago da ƙungiyarku take ƙarƙashinta, domin su kan shiga tsakani kuma ba sa son irin wannan abin kunyar ya fita, sannan mai rajistar ƙungiyoyi, kotu ta zo a ƙarshe. Kotuna da yawa sukan tambaya ko an bi hanyoyin cikin gida kafin a zo musu, shi ya sa waɗannan takardun masu hatimi za su yi muku rana. Kada ku ɓata ƙarfi wajen rubuta wa Hukumar Ƙwadago ta Duniya da ke Janiba, yarjejeniya mai lamba 87 ta 1948 ta ba ƙungiyoyi 'yancin tafiyar da kansu da zaɓen shugabanninsu, kuma hukumar ba ta shiga rigimar cikin gida tsakanin membobi da shugabanni sai in hannun gwamnati ne a ciki.

Wannan 'yancin kuwa yana nufin masu iya sauke ciyaman su ne waɗanda suka ɗora shi, wato abokan aikinku da ke ciki har yanzu. Kada ku ɗauke su maƙiya don sun koma bakin aiki. Kowannensu ya wuce ta gaban takardar nan ya karanta sunayenku ya san gobe nasa ne, kuma obatayan da aka yi yajin dominsa har yanzu ina jin ba a dawo musu da shi ba. Su ne za su iya tara sa hannu a kira taron gaggawa, su tambayi ciyaman a gaban jama'a wa ya ba shi izinin kiran yaji da kuma yadda aka yi ya tsira, su nemi a binciki asusu, su kayar da shi a zaɓe. Ku riƙa magana da su a hankali a waje da wurin aiki don kada ku ja musu. Haka waɗanda suka sa hannu cikinku, don Allah kada a kira su maciya amana, kowa ya san abinda ya baro a gida, kuma za su iya yi muku shaida a kan abinda ciyaman ya faɗa da yadda aka matsa musu.

Yanzu maiɗakinka. Ƙanena ba tsoro ne ya sa ta faɗi haka ba, lissafi ne, ita ce take ganin ƙasan tukunya kullum. Kada ka mayar da ita abokiyar gardama. Ka zaunar da ita ka nuna mata takardun, ku ƙirga tare wata nawa za ku iya ɗauka ba albashi in an taɓa ajiya an rage kashe kuɗi, ba tare da an cire yara daga makaranta ba ko an ci bashin da zai fi kuɗin sallamar. Wannan adadin watannin shi ne iyakar tsayuwarka, ku sa masa rana ku biyu. Ina gaya maka gaskiya, komawa aiki bayan irin wannan korar yana da wuya, ka ga na Libaful sun fi shekara biyu a waje kuma ba su koma ba, shari'a kuma tana da jan ƙafa. Abinda ya fi yiwuwa ku samu da matsin ƙara da haɗin kai shi ne kuɗi mafi kauri da kuma wani abu da mutane suke mantawa da shi alhali yana iya fin kuɗin amfani: a canza dalilin sallamar a takarda daga laifi zuwa rage ma'aikata, a ba ka takardar shaidar aiki mai tsabta ta shekara 14, a tabbatar kuɗin fanshonka ya shiga. Mutumin da zai nemi aiki gobe da takardar da ta ce an kore shi don tada fitina ya san bambancin. Wannan buƙatar ba ta cin kamfani ko sisi, shi ya sa sukan yarda da ita in an iya nema, kuma ita ce abinda shugabannin ƙungiyar za su iya komawa su karɓo muku su wanke fuskarsu da shi, ka ga ka ba su hanyar dawowa gare ku kenan ba tare da sun durƙusa ba. In lauya ya duba ya ce wa'adi ya wuce ko hujjarku ba ta da ƙarfi, ko ranar da kuka sa ta zo ba a ga haske ba, ka nemi a gyara takardar ka sa hannu ka karɓi kuɗinka da kai a sama, ba wanda ya isa ya ce ka ci amana, kuma sa hannunka da kamfani bai hana ka ci gaba da bin shugabannin ƙungiya ba sai in an rubuta hakan a ciki, wannan layin ka sa lauya ya duba shi da kyau. Neman wani aikin kuma ka fara tun yau, ba ya kashe maka ƙara.

Amininka na bar shi ƙarshe da gangan. Sakataren reshe shi ne mai rubuta bayanin mitin, shi ya san ko takarda ta zo daga sama ko ba ta zo ba, wataƙila ma yana cikin ofishin ranar da aka daidaita. Mutumin da ya daina ɗaga wayar amininsa sau da yawa kunya ce ta hana shi, ko an gargaɗe shi, ko yana tsoron sunansa ne na 64. Ban wanke shi ba, ya kamata a ce ya zo gidanka ko da ba shi da abin faɗa. Amma ka daina jera masa kira, kowane kira ƙara masa nauyin fuskantarka yake yi. Ka tura masa saƙo ɗaya, ka ce ba faɗa kake nema ba kuma ba ka ce ya jefa aikinsa a wuta ba, abu biyu kake so, ya gaya maka gaskiyar yadda aka kira yajin kuma ya ga wasiƙarku ta isa inda aka aike ta. In akwai wani babba da ku biyu kuke jin nauyinsa, a haɗa ku a wurinsa. In ya zo, ka bar shi ya gama magana kafin ka ce komai. In bai zo ba ka kyale shi, takardun da ke hannunsa na ƙungiya ne kuma akwai hanyar da doka take sa a fito da su.

Rashin barcin nan kada ka raina shi. Ka rage zaman dare a waya kana bin maganganun rigimar nan, ka riƙa fita kana motsa jiki, ka samu mutum ɗaya da kake faɗa wa abinda ke ranka, in ya wuce wasu makonni ko ka fara jin ƙirjinka yana bugawa ko kanka yana sarawa ka je a auna jininka, yaran nan huɗu lafiyarka suka fi buƙata a kan kowace shari'a. Ka tattara takardar ɗaukarka aiki da takardun albashi masu nuna yankan kuɗin yuniyan da hoton sunayen da aka liƙa da duk saƙon da ciyaman ya taɓa turawa kafin a cire ku, ka sa a leda ɗaya ka tafi da su wurin lauya. In ka ji abinda ya ce game da wa'adi da kuma yadda kuɗin ya rabu, ka sake rubuto min mu duba tare kafin ka ɗora biro a kan komai.